Yadda Ake Rina Kod a Bangi

Wanda ya taɓa durƙusawa kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani da hannu ya san ba kurtu ɗaya ke gabansa ba. Ga na baƙar tawada, da shi ake jera baƙaƙe. Ga na ja, da shi ake bin layi ana ɗora wasula. Ga kuma ɗan na rawaya a gefe, sai an zo kan hamza ake taɓa shi. Tun kafin mai karatu ya buɗe baki, idonsa ya riga ya raba masa aiki: wannan harafi ne, wannan wasali ne, nan kuma a yi hattara. Masu kwamfuta da suka zo daga baya suna rina kalmomin kod da shuɗi da kore da ja, wannan dabarar ce suka taras ta wata hanya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce launi a jikin kod kwalliyar 'yan birni ce. Taimakon ido ne, kuma malamanmu sun daɗe da sanin darajarsa.

Ƙanena ne ya jawo maganar. Ya koyo yaren Python a Kontagora, ya dawo gida Bangi, ya ɗaura niyyar rubuta darussa da Hausa saboda samarin ƙasar Mariga masu son koyo waɗanda ba su da kuɗin motar zuwa Minna. Ya kwana uku yana fama, sannan ya kira ni: "Yaya, zo ka ga abin da na gina." Na je na gani. Bayani da kod da lissafi sun zube wuri guda kamar hatsin bara. Gurbin da ake bari a farkon layi, wanda da shi Python ke gane wane layi ke ƙarƙashin wane, burauza ta haɗiye shi gaba ɗaya. Daga ranar muka zauna muka bi aikin ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da muka tsinto a hanya shi ne zan zube maka a nan, ɗan'uwa, ka ɗauki wanda ya yi maka.

Kafin komai, cika cajin kwamfutarka, ka kuma nemi kusurwar nan ta gidanku da sabis ke tsayawa. Kowane gida a Bangi yana da ita, wani a gindin darbejiya, wani a kan dakalin ƙofar gida, wani sai an ɗaga waya sama kamar mai miƙa wa raƙumi ciyawa. Can za ka tsaya ka sauko da kayan aikinka sau ɗaya:

```
pip install django markdown pygments nh3
```

Ma'aikata huɗu ka ɗauka da wannan layin, kuma yana da kyau mai gida ya san asalin 'yan aikinsa. Markdown shi ne magatakarda. Wani Ba'amurke mai suna John Gruber ya ƙirƙiro shi a 2004, tare da gudummawar Aaron Swartz, domin mutum ya yi rubutu na yau da kullum da 'yan alamomi kaɗan, na'ura ta mayar masa da shi HTML. Ka sa alamar # a gaban layi ya zama kanu, ka rufe kalma da taurari biyu-biyu ta yi kauri. Pygments shi ne marini, aikin wani Bajamushe ne, Georg Brandl, tun 2006. Django kuma shi ne ginshiƙin da duk manhajar ke zaune a kansa. A ofishin wata jarida ta garin Lawrence da ke jihar Kansas aka haife shi, aka sake shi ga duniya a 2005, aka raɗa masa sunan wani makaɗin jita, Django Reinhardt. Da a ƙasar nan aka yi haihuwar, da Ɗanmaraya aka sa masa saboda kuntigi, kowa ya huta da tambayar yadda ake furta sunan. Na huɗun, nh3, mai gadi ne. Bar shi ya zauna a zaure tukuna, lokacinsa na zuwa.

Darasi na farko kowane manomi ya riga ya san shi: abin da ka shuka kusa da hanyar awaki, yi masa shinge. Markdown akuya ce mai ƙwazo, duk alamar da ta gani sai ta taɓa. Shingen kuwa shi ne ɗan alamar nan mai kama da waƙafin sama da ya jingina da baya, wanda ke ƙarƙashin maɓallin Esc. Ka jera shi sau uku a layi guda, ka rubuta sunan yaren a jikinsa, misali python, ka zuba kod ɗinka a ƙasa, sannan ka sake jera uku ka rufe. Rufewar nan ita ce inda ake yawan tuntuɓe. Mutum ya kafa shinge ta gabas ya manta da yamma, ya dawo yana mamakin yadda gona ta koma fili.

Ko kalma ɗaya ce ta kod ta shigo tsakiyar bayani, yi mata ɗan ƙaramin shinge, alama ɗaya gaba ɗaya baya. Ƙanena ya rubuta `__init__` tsirara a cikin jimla, Markdown ta ga layukan ƙasa biyu-biyu ta ce ai umarni ne a kaurara kalma, ta cinye su, ta bar init da baƙin harafi mai kauri. Ɗalibai biyu suka kwafa yadda suka gani, suka wuni suna zargin kwamfutar aro. Haka lissafin buhunan masara: ya rubuta `5*30*2`, taurarin suka ɓace, 30 ta karkace, sakamakon ya fito 5302. Dillalin da ya kawo wa manomi irin wannan lissafi ba zai sake cin kasuwar Bangi ba.

Wata ɗabi'a kuma ta Python-Markdown, wato manhajar da ka sauko: shingenta ba ya tsayuwa a cikin jerin abubuwa masu lamba ko a cikin zancen da aka ɗauko daga wani. A fili yake son a kafa shi, daga bakin layi. In darasinka dole sai kod ya shiga ƙarƙashin mataki na ɗaya da na biyu, nemi ƙarin da ake kira SuperFences a cikin tarin PyMdown, shi ya iya wannan.

Yanzu sai kiran magatakarda da marini su haɗu:

```
html = markdown.markdown(
    rubutu,
    extensions=["fenced_code", "codehilite", "toc"],
)
```

Na farko shi ke gane shinge, na biyu shi ke miƙa abin da ke ciki ga Pygments, na uku shi ke haɗa jerin kanun darasi. Ka faɗa wa marini yaren da ka kawo masa, kowane lokaci. In ka yi shiru zai yi canke, kuma a gajeren kod canken nasa kan faɗa daji: layi biyu na Python ya rina maka su da launin wani yaren da ko sunansa ba ka taɓa ji ba. Akwai zaɓin `guess_lang`, mayar da shi `False`, ka raba shi da duba.

Daga nan za ka buɗe shafin da murna, ka ga babu launi ko ɗigo. Kada ka tashi ka shiga zagin kowa. Marinin nan ba ya yawo da baba a aljihu. Aikinsa irin na matan da ke ƙulle zane ne kafin a kai shi karofin Ƙofar Mata: yana bin kod kalma-kalma yana ɗaura wa kowace laƙabi, `k` ga kalmomin umarni irin su def da return, `nf` ga sunan aiki, `c1` ga bayanin gefe, `s2` ga zancen da ke tsakanin alamun zance. Karofin kuwa fayil ɗin CSS ne, kuma kai za ka haƙa shi da hannunka:

```
pygmentize -S default -f html -a .codehilite > launi.css
```

Ka ajiye launi.css a cikin jakar static, ka kira shi a saman shafi, in za ka ɗora manhajar a saba ka tuna da collectstatic. In duk ka yi wannan launi bai fito ba, burauza ce ke riƙe da tsohon fayil a baki kamar tsohuwa da goro. Matsa mata ta tofar ta ɗauki sabo.

Tuntuɓe na gaba Django ne da kansa zai sa maka ƙafa, kuma don alherinka. Ka miƙa masa HTML ɗin nan ya nuna, sai ya baje maka alamominsa ƙuru-ƙuru a fuskar shafi, div da span da pre, kamar tela ya kawo riga a juye duk ɗinkin ciki a waje. Ɗabi'arsa ce: duk rubutun da aka ba shi yana ɗaukarsa baƙo, ya kwance masa makami kafin ya shigo. Maganin da kowa zai faɗa maka kalma ɗaya ce, ka ƙara `|safe`, wato ka ce wa Django ka yarda da baƙon. A nan nake son ka ajiye kofin shayin ka saurare ni da kyau.

Markdown, tun daga yadda Gruber ya tsara shi, yana barin HTML ya wuce ta cikinsa ba tare da bincike ba. Muddin kai kaɗai ke rubuta darussan, da sauƙi. Ran da ka buɗe ƙofa ɗalibai su fara turo aikin gida ko tambaya, duk wanda ya ga dama zai iya cusa ɗan umarnin JavaScript a tsakiyar rubutunsa, umarnin ya tashi a burauzar duk wanda ya buɗe shafin ya yi aiki da sunansa, har da kai mai riƙe da makullan gida. A watan Oktoba na 2005 wani matashi mai suna Samy Kamkar ya yi wa MySpace irin wannan, kafin a cika kwana ɗaya abin ya bi ta kan shafukan mutum fiye da miliyan. Kada ka ce ai mu nan duk 'yan'uwa ne. A cikin kowane aji akwai yaro ɗaya mai kaifin kai da ya karanta darasin gaba kafin malam, kuma hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Mariga ya san ba a ja sa zuwa gida sai an buɗe bakinsa an duba, an ɗaga ƙafa an ga kofato. Wannan shi ne aikin mai gadin da muka bari a zaure. Tsarin bi da bi ne kuma ba a juya shi: Markdown ya fassara, nh3 ya tace, sannan ka ce `safe`. Tsofaffin littattafai za su ce maka ka yi amfani da Bleach, amma masu kula da shi sun sanar tun Janairun 2023 cewa sun jingine shi, shi ya sa na kawo maka nh3. Sai dai mai gadin nan yana da tsanani. In ka sake shi da ɗabi'arsa ta asali, zai kwance duk laƙaban da Pygments ya ɗaura, launin da ka sha wahala a kansa ya wanke tas kamar zanen da ya zuba a wankin farko. Ka rubuta masa takarda cewa `class` halal ne a jikin span da div da pre da code, `id` kuma halal ne a jikin kanu. Da zarar ka ba shi takardarka, ita kaɗai zai bi, saboda haka ka haɗa da `href` na mahaɗi da `src` na hoto, in ba haka ba su ma ya tsare su a ƙofa.

Yanzu mun zo inda zuciyata take, wurin da babu littafin da aka rubuta a Amurka ko Jamus da zai yi maka kashedi: haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ka san Python 3, tun fitowarsa a ƙarshen 2008, ya yarda ka raɗa wa abubuwa suna da su? Wannan kod ne ingantacce, yana aiki, kuma Pygments yana rina shi daidai:

```
kuɗi = 500
ƙari = 50
print(kuɗi + ƙari)
```

Ran da ƙanena ya nuna wa ɗalibansa wannan, wani yaro ya ce, "Malam, ashe tana jin Hausa?" Ajin ya fashe da dariya, amma daga ranar yaron bai sake fashin zuwa ba. Saboda irinsa nake cewa haruffan nan amana ne a hannunka, kuma wurare uku ake sace su.

Na farko wurin buɗe fayil. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikinsu gurbi biyu yake ci. In ka buɗe fayil ɗin darasi a Windows ba ka rubuta `encoding="utf-8"` ba, na'ura na iya karanta gurbin biyu a matsayin haruffa biyu na Turawan Yamma. Sai kuɗi ya koma kuÉ—i, ƙasa ta koma Æ™asa, har da 'yar alamar kasuwanci a kafaɗa kamar wani kamfani ya yi mata rajista. Faɗa wa fayil UTF-8, faɗa wa rumbun bayanai UTF-8, faɗa wa saman shafi UTF-8. Sau uku, kamar sallama a ƙofar gidan surukai.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Ƙarin nan na toc yana ƙera wa kowane kanu ɗan gajeren suna da ake liƙawa a adireshi don mai karatu ya yi tsalle kai tsaye zuwa sashen. Wajen ƙera sunan, duk harafin da ba ya cikin baƙaƙen Ingilishi kuma ba a iya warware shi zuwa ɗayansu, zubar da shi ake yi. Harafin é na Faransanci yana tsira, ya ajiye hularsa ya wuce a matsayin e. Namu lanƙwasar a jikinsu take, ba hula ba ce, saboda haka gaba ɗaya ake jefar da su. Ƙasa ta zama asa, ɗaki ya zama aki, kuɗi ya zama kui, ɓarawo kuwa ya zama arawo, shi ma an yi masa sata. Gyaran layi ɗaya ne: ka ba toc aikin `slugify_unicode` maimakon na asali, a ɓangaren Django kuma ka sa `allow_unicode=True` duk inda kake ƙera irin wannan suna.

Na uku salon harafi. Kod yana son salon da kowane harafi ke cin faɗi ɗaya, kuma da yawa daga irin waɗannan ba a zana musu ƙ da ɗ ba. Burauza sai ta je maƙwabta ta aro, harafin aron ya zo da nasa tsayi da nasa faɗi, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙon da ya shigo sahu da takalmi. Noto Sans Mono yana da su duka. Sannan in wani ya ba ka shawarar kunna ƙarin smarty don alamun zance su yi kyau, duba abin da ya yi wa 'yan da 'ya'ya kafin ka gode masa, domin yakan ɗauki alamar farkon kalmar a matsayin buɗe zance ya juya mata baya.

Za ka haɗu da masu ce maka duk wannan wahala ce, ka liƙa highlight.js ko Prism kawai, burauzar mai karatu ta yi rinin da kanta. Kayan aiki ne masu kyau, na farkon Ivan Sagalaev ya fara shi a 2006, na biyun Lea Verou ta fitar da shi a 2012, kuma manyan shafuka na amfani da su. Amma tambayi kanka wa zai biya. Rini a burauza yana nufin kowane ɗalibi sai ya sauko da marinin a wayarsa, da datarsa, da batirinsa da ya biya mai caji, kuma in sabis ya yanke a tsakiya ya tashi da kod fari fat. Wanda ke karatu da ƙaramar itel a ƙauyen da ke bayan Bangi bai kamata a aika masa da karofi ba, rinannen zane ya kamata ya isa hannunsa. Ni ra'ayina a tsaye yake: yi rinin a saba. Kuma yi shi sau ɗaya, lokacin da ake adana darasi, ka ajiye HTML ɗin a gurbinsa daban kusa da rubutun Markdown na asali. Ba a mayar da riga karofi duk ranar da za a sa ta. Asalin kuwa kada ka yar, ranar gyara shi za ka nema.

Saura zaɓen launi, inda samari ke rasa kansu. Kowa Monokai yake so, baƙin bango da kalmomi masu ƙyalli, don ya yi kama da masu kutse na cikin fim. A ɗaki da dare yana da kyau ƙwarai. Fita da shi tsakar rana a watan Maris, ka ga ko za ka iya raba bayanin gefe da bangon. Masu tsara ƙa'idojin sauƙaƙa karatu a intanet sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango kada ya gaza 4.5 zuwa 1, kuma bayanin gefe, wanda a darasin Hausa nan ne malam ke magana da ɗalibi, shi aka fi yi wa launin toka mai dusashewa. Ƙara masa duhu. Ka tuna kuma akwai masu idon da ba ya raba ja da kore, kada ma'ana ta rataya a kan waɗannan biyun kaɗai. Sannan ka sa wa akwatin kod `overflow-x: auto`, domin dogon layi ya riƙa zamewa gefe da yatsa maimakon ya tura duk shafin waje.

In ka gama, kada ka gwada a kwamfutarka ka ce an yi. Ari wayar da ta fi kowace tsufa a gidan, mai fasasshen gilashin nan da ake ɗaure da kyauro, ka fita da ita bakin titi da azahar. Haka muka yi da ƙanena. Ya miƙa wa wani ɗalibinsa mai gyaran babur, yaron ya goge hannu a wando, ya kare fuskar wayar da tafinsa, ya ƙura ido. Ya ce shuɗin nan umarni ne, jan nan zance ne, wannan kuma sunan da malam ya raɗa ne, kuɗi, ga ɗ ɗinsa nan da lanƙwasarsa. Sannan ya nuna layi na huɗu da baƙin farcensa ya ce an manta rufe baka. Ƙanena ya karɓi wayar ya duba, ya koma ciki ya rufe ta.